Wata Uku Kacal: Tarihin Wa'adin da ke Cinye Haƙƙin Ma'aikacin Gwamnati

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshensa, musamman ma'aikatan gwamnati na ƙasar Gumel da iyalansu.

Babu majalisar da ma'aikata ke zama, daga cikin garin Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da ba za ka ji irin wannan kukan ba. Wane an tsallake shi wajen ƙarin girma an ba na bayansa, don ba shi da uwa a gindin murhu. Wance ta dawo daga hutun haihuwa ta tarar an ba wani kujerarta. Wani an cilla shi ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, saboda an gan shi a gidan ɗan takarar da ya faɗi zaɓe. Wani tun a wurin intabiyu aka kalli sandar da yake dogarawa aka ce ya je za a neme shi. A mayar da zance, a yi Allah ya isa, a tashi.

Abin da ba a cika faɗa a majalisar ba shi ne, akwai agogon da ke fara tafiya tun ranar da aka yi maka abin. A dokar tarayya, wanda zai kai jami'in gwamnati ko hukumar gwamnati ƙara kan abin da suka aikata a bakin aikinsu, wata uku gare shi. In wa'adin ya wuce, alƙali na iya korar ƙarar ko shaida ɗaya bai saurara ba. Kana da gaskiya, kana da takardu, amma ka makara. Wannan wa'adi ya haura shekara ɗari a ƙasar nan, kuma in mun san inda ya fito za mu fi sanin yadda za mu zauna da shi.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Masarautar Gumel ta kafu ne wajen 1750, kuma biyayyarta ga Barno take, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Duk da haka hanyar kai kuka iri ɗaya ce da ta sauran ƙasar Hausa. Wanda aka zalunta ya je wurin bulama ko mai gari, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce gaba har gaban alƙali ko fada. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, a nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya ja hankalinsa da ya riƙa zama inda mai rauni zai iya isa gare shi da kukansa, kada ya ɓuya wa talakawansa. Ko an bi ko ba a bi ba, wannan shi ne ma'aunin da mutane suka sani.

Shari'ar Musulunci ma ta san maganar wa'adi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai abin da ake kira hauzi. Idan wani wanda ba danginka ba ya riƙe gonarka ko gidanka shekara 10, yana noma yana gini, kana gari kana kallo ba ka ce uffan ba, to in ka taso daga baya alƙali ba zai saurari da'awarka ba. Tsakanin 'yan uwa wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, shekara 10 ake magana. Na biyu, malamai sun karɓi uzuri: wanda ya yi doguwar tafiya, da wanda yake yaro, da wanda tsoron mai iko ya rufe wa baki, shirunsu ba ya cinye musu haƙƙi. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu sake haɗuwa da shi.

DOKAR 1916

A 1903 Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkin Turawa, daga baya masarautar ta zauna cikin Lardin Kano. Shekara goma kafin nan, a 1893, majalisar Ingila ta yi wata doka don kare hukumomin gwamnati daga yawan ƙararraki. Ta ce mai ƙara wata shida gare shi. A 1916, zamanin Gwamna Lugga, shekara biyu bayan haɗe Arewa da Kudu, aka kawo irin wannan doka Najeriya da sunan Dokar Kare Jami'an Gwamnati. Da ta iso nan sai aka raba wa'adin gida biyu, ya koma wata uku.

To waye jami'in gwamnati a 1916? Razdan ne, da Di'o, da Baturen 'yan sanda, da Baturen ayyuka. Waye kuma mai kai ƙarar? Ɗan ƙasa ne wanda ba ya jin Turanci, bai san ma an yi dokar ba. A wancan lokaci lauyoyi ba su da izinin tsayawa a kotunan lardi, kuma Razdan da Di'o su ne alƙalan kotun. Kun ga ke nan wanda aka yi dokar dominsa ba ɓoyayye ba ne.

Shi kansa aikin gwamnati na lokacin, wariyar a rubuce take. Akwai muƙaman Turawa, akwai muƙaman baƙar fata, kowanne da albashinsa da gidansa da hutunsa. A 1902 da aka haɗe aikin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, sai aka sa sharaɗin cewa sai mai asalin Turawa zai shiga, alhali akwai 'yan Afirka da suka yi karatun likita a jami'o'in Birtaniya. Ƙa'idar lokacin kuma ita ce ma'aikaci yana kan kujerarsa ne gwargwadon yadda Sarkin Ingila ya ga dama, ranar da aka ce ya tafi, ya tafi.

Ma'aikata ba su naɗe hannu ba. A watan Yuni na 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari da ya ɗauki kusan wata ɗaya da rabi, ma'aikatan jirgin ƙasa ne a gaba, Michael Imoudu na cikin jagororinsu. Layin dogon nan da ya ratsa Gagarawa Tasha zuwa Nguru, irin mutanen da ke tafiyar da shi ne suka ajiye aiki. Tsadar rayuwa ta zamanin yaƙin duniya ce ta kunna wutar, amma kowa ya san bambancin da ake nunawa tsakanin Bature da ɗan ƙasa na cikin abin da ke ci musu rai. A 1946 kwamitin Harragin ya sa aka daina kiran muƙamai da sunan Turawa da baƙar fata, aka koma manyan ma'aikata da ƙananan ma'aikata.

Ga abin mamakin. Ingila ta ƙara nata wa'adin zuwa shekara ɗaya a 1939, sannan a 1954 ta soke wannan gata na hukumomi gaba ɗaya, ta ce a bi su da wa'adi irin na kowa. Mu kuwa muka karɓi 'yanci a 1960 da dokar a aljihunmu. Ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, ta shiga kundin dokokin tarayya na 1990, ta sake shiga na 2004. Masu kayan sun zubar, mu muna nan muna riƙe.

ZAMANIN EN'E

Ga mafi yawan mutanen ƙasar Gumel, gwamnatin da suka sani a wancan zamani ita ce En'e. Malamin haraji, malamin asibiti, malamin daji, malamin gona, ɗan doka, duk ma'aikatanta ne, kuma ɗauka da kora na hannun sarki da majalisarsa. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul a duk Arewa. A cikin wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Daga nan wani sabon nau'in wariya ya bayyana, na siyasa. Tarihin lardunan Arewa cike yake da labarin ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da suka ɗanɗana kuɗarsu don an ce 'yan NEPU ne. Wanda aka kora, wurin wa zai kai kuka? Kotun ta En'e ce, 'yan dokan nata ne, gidan yarin ma nata ne. Dokar En'e ta 1954 ta ƙara da cewa kafin ka kai En'e ƙara sai ka ba ta sanarwa a rubuce wata ɗaya kafin nan. Wannan al'ada ta sanarwa kafin ƙara tana nan har yau a dokokin hukumomi da yawa.

Gaskiya ɗaya ce, mu ma mun taɓa zama a ɓangaren masu fifitawa. A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da aikin gwamnatin Arewa hannun 'yan Arewa. In akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauki baƙo na wucin gadi bisa kwantiragi. Dalilin a fili yake, boko ya iso mana a makare, ofisoshinmu sun cika da mutanen Kudu. Amma ga akawun da ya shekara ashirin yana aiki a Kano ya wayi gari an sallame shi, abin da ya gani wariya ce. Yau kai ne ɗan mowa, gobe kai ne ɗan bora. Shi ya sa ake son wurin kai kuka da ba ya tambayar ɗan wane ne kai.

Tsoron da ƙananan ƙabilu ke yi na danniya ne ya sa aka kafa kwamitin Willink, wanda a 1958 ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin tsarin mulki. Haka aka yi a 1960, har da haramcin nuna bambanci. A tsarin mulkin 1999 wannan shi ne sashe na 42. Ya hana a tauye ɗan Najeriya ko a fifita shi saboda al'ummarsa, ƙabilarsa, garin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa, ya kuma hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa.

ZAMANIN SOJA

A 1975, bayan Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, aka sallami ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa, wasu a rediyo suka ji sunayensu. A cikinsu akwai ɓarayi da malalata, akwai kuma waɗanda ƙiyayyar ofis ce kawai ta ci su. A wannan shekarar ne dai gwamnatin ta kafa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a bisa shawarar kwamitin Udoji, kuma Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ne shugabanta na farko. Kai kuka wurinta kyauta ne, ba a buƙatar lauya. Sai dai ita ma an ɗaura mata nata agogon. Ba ta binciken ƙorafin da aka kawo bayan wata 12 da faruwar abin, kuma tana so ta ga ka fara bin hanyoyin cikin gida.

A 1981 ma'aikata suka samu sa'ida. A shari'ar Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta ce ma'aikacin gwamnati ba ya zama bisa ganin damar kowa, akwai ƙa'idojin da dole a bi kafin a raba shi da aikinsa, ta kuma sa a mayar da mutumin kan kujerarsa. Ba a jima ba soja suka dawo. Doka ta 17 ta 1984 ta ba da ikon korar ma'aikaci ko yi masa ritaya, ta kuma hana kotu ta ko saurari maganar. Sai a 1999 aka soke ta.

Akwai wata shari'a ta wannan zamani da ya kamata kowane ma'aikaci a Arewa ya san ta. Alhaji Aliyu Ibrahim alƙalin babbar kotun yanki ne a Jihar Kaduna. An yi masa ritayar dole a 1984, bai shigar da ƙara ba sai a 1986. Lauyoyin gwamnati ba su tsaya musu kan ko an yi masa adalci ba, kalanda kawai suka nuna. Nasa lauyan ya ce ai dokar mutane take karewa, hukuma kuwa ba mutum ba ce. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1998 ta yanke cewa kariyar ta haɗa da hukumomi da ma'aikatu. Shekara 14 bayan ritayarsa aka rufe fayil, kuma tambayar ko an zalunce shi ko ba a zalunce shi ba, ba a amsa ta ba. Alƙali ne fa wannan, mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin kotu. Ina ga masinja?

JIGAWA DA MAGANAR ASALI

Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya cire Jigawa daga Jihar Kano. Aka raba ma'aikata bisa garin asali. Mutumin da aka haifa a Fagge, ya yi karatu a Kano, ya yi aure a Kano, amma asalin gidansu Maigatari ne, sai ya ga sunansa cikin jerin masu tafiya Dutse. Da yawa sun shekara suna safa da marwa tsakanin Kano da Dutse don babu gidaje. Daga 1999 gwamnatin Saminu Turaki ta rarraba ma'aikatu zuwa manyan garuruwan jihar, a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta tattara su ta mayar Dutse. Kowane irin wannan sauyi yana zuwa da jerin sunaye, kuma a kowane jeri akwai wanda ke ganin an yi masa ba daidai ba.

Jiha mai masarautu biyar da ƙananan hukumomi 27, dole maganar rabo ta riƙa tasowa. Tsarin mulki ma ya san da haka, sashe na 14 ya ce gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su lura da bambancin mutanen da ke cikinsu wajen naɗe-naɗe, kuma tun 1996 akwai hukumar tarayya mai kula da daidaiton rabon muƙamai. Amma takardar shaidar asali wuƙa ce mai baki biyu. A 2011 gwamnatin Jihar Abia ta Theodore Orji ta sallami dubban ma'aikata don kawai ba 'yan asalin jihar ba ne, alhali yawancinsu Inyamurai ne 'yan jihohin maƙwabta. In hakan za ta faru tsakanin masu yare ɗaya a can, kada mu ce ba za ta faru a ko'ina ba.

KOTUN MA'AIKATA

An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a 1976, amma ta daɗe tana ƙaramar kotu mai duba rikicin ƙungiyoyin ƙwadago. A watan Maris na 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna. Sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki, ya kuma ambaci nuna bambanci da cin zarafin mata a wurin aiki da sunansu. Tana da reshe a Kano. Ƙari a kan haka, Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙwadago ta duniya mai lamba 111 kan hana wariya a wurin aiki a 2002, an yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau a 2014, sannan a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki.

Kotun ta nuna tana iya cizo. A 2021 rundunar 'yan sanda ta kori wata 'yar sanda, Omolola Olajide, a Jihar Ekiti saboda ta samu ciki ba ta da aure. A Janairun 2023 kotun ta soke wannan ƙa'ida ta kuma ba ta diyyar naira miliyan 5. Ko me mutum yake gani game da abin da ta aikata, abin da kotu ta duba shi ne ƙa'idar mace kawai take kamawa, ɗan sandan da ya yi wa wata ciki ba ya rasa aikinsa.

To ina aka kwana kan wata uku? A 2019, a shari'ar hukumar rabon arzikin ƙasa da Ajibola Johnson, Kotun Ƙoli ta ce dokar 1916 ba ta shafi rikicin ɗaukar aiki ba. Ma'aikata da lauyoyinsu suka yi murna. A 2021, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, kotun nan dai ta yi amfani da wa'adin ta kori ƙarar ma'aikatan da suka makara. Bayan nan ma hukunce-hukunce sun ci gaba da tufka da warwara. Akwai wuraren da kotuna suka saba ɗaga ƙafa, kamar cutarwar da ke maimaituwa kowane wata irin ta fansho, ko jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa da mugun nufi. Akwai kuma ƙa'idojin 2009 da suka ce ƙarar take haƙƙin ɗan Adam ba ta da wa'adi, sai dai tun a 1997, a shari'ar wani ma'aikacin gidan rediyo da talabijin na Barno, Kotun Ƙoli ta ce in jigon ƙararka kora daga aiki ce, ba ta wannan ƙofar za ka shiga ba. Mai hankali ba ya jingina abincin 'ya'yansa a kan wataƙila. Ko na tarayya kake, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma, ka ɗauka wata uku gare ka har sai lauya ya duba dokar da ta shafe ka ya ce maka ya fi haka.

A WASU ƘASASHE

Ba mu kaɗai ke fama da wa'adi ba. A Amurka, ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zargin wariya dole ya tuntuɓi jami'in da ke kula da wannan fanni a ma'aikatarsa cikin kwana 45. Wata mata, Lilly Ledbetter, ta yi kusan shekara 20 tana aiki a kamfanin taya na Goodyear a Jihar Alabama, sai dab da ritayarta wani ya jefa mata takarda babu suna, ta gano maza masu irin matsayinta sun fi ta albashi. Ta ci nasara a kotun farko, amma a 2007 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, ta ce ta makara, ya kamata ta yi ƙara cikin kwana 180 daga lokacin da aka yanke albashin, lokacin da ita ba ta ma san ana cutar ta ba. Jama'a suka yi ca, majalisa ta gyara dokar, kuma ita ce doka ta farko da Obama ya sa wa hannu a Janairun 2009. Yanzu kowane albashi da aka biya da bambanci sabon wa'adi ne. Shekara biyu ba ta cika ba suka gyara tasu. Tamu tun 1916 take jira.

YADDA WATA UKU KE ƘAREWA

A ce ranar 10 ga Janairu takarda ta fito, an tsallake ka ko an dakatar da kai. Mako biyun farko na jimami ne da shawarwari, kowa na ce maka ka yi haƙuri, kada ka ja da manya. Ƙarshen wata ka samu ganin darakta, ya ce zai duba. A Fabrairu ka yi kamun ƙafa da wani dattijo, shi kuma yana jiran wani ɗaurin aure da za su haɗu da oga. A Maris ka rubuta takarda ta hannun shugabanka, ta kwanta a durowa. Ka je Dutse sau biyu, an ce oga ya tafi Abuja, ka dawo mako mai zuwa. Ranar 10 ga Afrilu ta zo ta wuce ba ka ko ji motsinta ba. Da ka je wurin lauya a Yuli, tambayarsa ta farko ita ce kwanan watan da ke jikin takardar.

Duk abin da mutumin nan ya yi, a tarbiyyarmu daidai ne. Haƙuri, girmama na gaba, sa manya a magana. Amma tun a 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin NNPC, Kotun Ƙoli ta ce zaman sulhu da musayar wasiƙu ba sa tsayar da wa'adi. Babban abin da ke hana ƙaramin ma'aikaci magana da wuri kuwa tsoro ne, kada a ce masa mai taurin kai a ƙara masa wata. Malaman fiƙihu sun karɓi wannan tsoron a matsayin uzuri tun ɗaruruwan shekaru. Dokar 1916 ba ta san da shi ba.

Sannan agogon ba ɗaya ba ne. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ba da wata shida don rubuta koke na cikin gida. Hukumar ƙorafe-ƙorafe ta ba da wata 12. Kotu wata uku, kuma in dokar hukumar ta nemi sanarwar wata ɗaya kafin ƙara, daga cikin ukun nan zai fita. Wanda ya tsaya jiran amsar ofis kafin ya motsa, ƙofar da ta fi ƙarfi ita ce ke fara rufewa.

Wa'adi a kan kansa ba mugun abu ba ne. Fayil na ɓata, shaidu na mutuwa, kujerar da ake rigima a kanta wani ya hau, ba zai yiwu a bar ƙofa buɗe har abada ba. Matsalar ita ce gajartarsa da rashin karɓar uzurinsa.

ABIN YI

1. Ranar da takarda ta iso hannunka, ka rubuta kwanan watan, ka ƙirga wata uku daga kwanan da ke jikinta, ka sa a wayarka.

2. Ka yi kamun ƙafarka, babu laifi, amma a makon farko ka rubuta kokenka cikin ladabi, da cikakken sunanka da lambar fayil ɗinka da sa hannunka. Takarda marar suna ba ta da daraja a ofis. A buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka ka adana a gida.

3. Ka faɗi abin da ya faru dalla-dalla: yaushe, wa aka ba, me ya fi ka da shi, wace ƙa'ida aka tsallake. "An tsane ni" ba hujja ba ce. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardun albashi su ne hujja.

4. Ka sanar da ƙungiyarka, NUT ce, NULGE ce ko ta ma'aikatan lafiya. Kuɗin da ake cira a albashinka duk wata na irin wannan ranar ne.

5. In wata ɗaya ya cika babu amsa, ka ga lauya, ko da shawara kawai za ka nema. Marar hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a, ko na hukumar ƙorafe-ƙorafe, ko na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Shigar da ƙara ba ya hana sulhu, in an daidaita sai a janye.

'Yan uwa mata, wannan ya fi shafar ku, don ku aka fi ce wa ku yi shiru kada a ce kun cika fitina. Ki rubuta, ki adana kwafi.

Ga wakilanmu kuma, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan majalisar jiha da ke Dutse, buƙatar ba ta da yawa. A tsawaita wa'adin ya kai aƙalla shekara ɗaya. A dakatar da ƙirga muddin koken ma'aikaci na gaban hukuma ba a ba shi amsa ba. A ba alƙali damar karɓar uzuri na gaskiya, kamar rashin lafiya, ko rashin sanin abin da aka ɓoye maka, ko barazana. In an zo neman ƙuri'a, wannan na cikin abin da ya kamata a tambaye su.

Ku kuma masu riƙe da biro a ofis, ku tuna takardar da kuka danne a durowa kwanakin wani take ci. Kujerar nan aro ce, kuma kowa zai zama tsohon ma'aikaci mai bin fayil ɗinsa daga tebur zuwa tebur.

Wanda ya san malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗan uwa da ke aiki a bakin iyakar Maigatari, ya tura masa wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya kare mu daga zalunci da kuma zaluntar wani.